Yadda Mai Gidan Haya a Kaduna Zai Bi Sawun Ruwan Gidansa Kafin Ya Miƙa Makulli

Duk wanda ya taɓa riƙon gidan haya a cikin garin Kaduna, ko nasa ne ko kuwa amana aka ba shi, ya san cewa bayan kuɗin haya babu abin da ke haɗa mai gida da 'yan haya rigima kamar ruwa. Yau a ce tanki ya ƙare tun kafin azahar, gobe a ce bangon ɗakin wane ya jiƙe har fenti yana ɓarewa, jibi kuma maƙwabci ya yi sallama ransa a ɓace saboda ruwan wanka ya kwanta masa a ƙofar gida. Na shafe shekaru ina kula da wani gidan gado na danginmu mai sassa shida a Tudun Wada, kuma abin da zan zayyana a nan hanya ce da na koya bayan na sha wahalar rashin saninta. Kafin sabon ɗan haya ya karɓi makulli, wajibi ne mai gida ya bi ruwan gidansa da ƙafa tun daga inda yake shigowa har inda yake fita, ya auna abin da ake aunawa, ya gyara abin da ya lalace, sannan ya rubuta wanda zai ɗauki nauyin kowane abu.

A wata bazara, sumo, wato injin da ke turo ruwa daga rijiya zuwa tanki, wanda muka saba kunnawa sau ɗaya a rana, ya koma sau biyu, wata rana har sau uku, kuɗin man janareta kuma ya ninka. Nan da nan mutanen gida suka ɗora laifin a kan wata baiwar Allah mai yara biyar, wai ita ce ke ƙarar da ruwa da wanki. Ta same ni a zaure idonta ya ciko da hawaye, ta ce, "Malam, wallahi wankin da nake yi bana bai fi na bara ba, ku dai duba gidanku." Na kira wani dattijo mai gyaran famfo, na ce, "Baba, ta ina za mu fara?" Ya ce in bar tuhumar mutane tukuna, mu cika tanki bayan sallar isha'i, mu yi wa bakin ruwan alama, mu roƙi kowa ya ɗebi abin da zai ishe shi zuwa safe a bokiti da buta, kada wanda ya taɓa famfo. Da asuba muka hau, sai ga ruwa ya sauka fiye da taƙi ɗaya alhali babu wanda ya buɗe ko da famfo guda. Bincike ya kai mu sashen da babu kowa a ciki, inda robar da ke toshe ƙasan tankin masai ta bushe ta tsage, ruwa yana silalewa dare da rana ba tare da ƙara ba. Kuɗin robar bai kai na man da muke ƙonawa a yini guda ba, amma an yi makonni ana cin mutuncin matar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Wannan gwajin na dare shi ne matakin farko, kuma ba ya cin ko sisin kwabo. Idan gidan yana da mitar ruwa, sai a rubuta lambar da ke kanta da dare, a sake dubawa da asuba. Idan tanki ne, sai a yi alama da alli ko a tsoma sanda mai tsabta a auna. Tanki mai cin lita 2,000 da ya ragu da kashi ɗaya cikin goma a dare guda ya yi asarar lita 200, wato jarka takwas irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa ke turowa a kura, kuma kowa ya san kuɗin jarka a unguwarsu idan rani ya tsananta. In an ga ruwa ya ragu, sai a maimaita gwajin a dare na biyu ana rufe sassa ɗaya bayan ɗaya, har a gane layin da yoyon yake. A nan ne amfanin bawul yake bayyana, wato makullin da ke tsayar da ruwa a jikin bututu. Ya kamata a sami babba guda a ƙasan tanki, kowane sashe kuma ya sami nasa a wurin da hannu zai kai, a ƙara ɗan ƙarami a gindin kowane tankin masai da kowane kwanon wanke hannu. Gidan da ba shi da waɗannan, duk ranar da famfo ɗaya ya karye sai an yanke wa gida duka ruwa, shi ya sa ake ta ɗage gyara har ɓarna ta yi yawa.

Daga nan sai a koma mafarin ruwan. Gidajen da ke kan layin gwamnati, musamman a tsofaffin unguwanni irin su Malali, Unguwar Rimi, Kawo da Barnawa, suna samun ruwan da ake ɗebowa daga kogin Kaduna a tace a matatun Malali da Kaduna ta Kudu, kuma hukumar ruwa ta jiha, wadda ake kira KADSWAC, ita ce ke da hurumin jona gida da babban bututu. Kada mai gida ya yarda wani ya zo da dare ya huda masa layi don gudun biyan kuɗin rajista, domin laifi ne, kuma irin wannan haɗin na gaggawa shi ne ke fara yoyo a ƙarƙashin titi. Ya je ofishin hukumar ya tabbatar babu tsohon bashi a kan gidan, ya ajiye rasit, domin zalunci ne sabon ɗan haya ya tare yau, jibi a zo yanke ruwa saboda bashin wanda ya tashi. Sannan ya dubi hanyar da bututun ya bi kafin ya shigo gida. A lunguna da yawa za ka ga siraran bututai kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da tsohuwar robar taya. Lokacin da aka ɗauke ruwa, bututun da babu matsi a cikinsa yana zuƙo ruwan kwatar ta wurin fashewar, idan aka dawo da ruwa kuma wannan ƙazantar ce ke fara isa tukunya, ta nan ne amai da gudawa da taifot ke shiga gida. A ɗaga bututun daga kwata, ko a binne shi a gefe cikin wani babban bututun da zai kare shi. Haka kuma kada a jona inji kai tsaye da layin gwamnati don a zuƙo ruwa da ƙarfi, domin yana hana maƙwabta samu, yana kuma ƙara janyo ƙazanta. Abin da ya dace shi ne ruwan ya zuba da kansa cikin tankin ƙasa, inji ya ɗauka daga nan ya kai sama.

Yawancin sababbin gidaje a Rigasa, Mando, Rigachikun, Sabon Tasha da tsallaken kogi wajen Danbushiya sun dogara ne da rijiya ko rijiyar burtsatse, kuma a nan ne nake ganin an fi yin sakaci mai haɗari. Ƙa'idar da masana tsabtar ruwa suka fi yin aiki da ita ita ce a bar tazarar da ba ta gaza mita 30 ba tsakanin rijiya da ramin masai ko sokawe, ƙasan ramin kuma ya kasance aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tsayawa. Fulotin da muka saba da shi, mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo, tsawonsa gaba ɗaya mita 30 ne da ɗan kai, ke nan ko da an sa rijiya a wannan kusurwa sokawe a waccan, da ƙyar za a cika tazarar, ga kuma sokawen maƙwabci da ke bayan katanga wanda sau da yawa ba a sa shi cikin lissafi. Saboda haka mai gida ya leƙa ya tambayi maƙwabtansa na kowane ɓangare inda raminsu yake kafin ya kira masu haƙa. Ƙasar Kaduna dutse ne a ƙarƙashi, ruwan yana taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa rijiyar wani ke ambaliya ta maƙwabcinsa kuwa tana ƙafewa a watan Maris, kuma shi ya sa kuɗin da aka biya masu auna ƙasa kafin haƙa bai tafi a banza ba. A tabbatar an zuba siminti kewaye da wuyan rijiyar daga sama zuwa ƙasa mai nisa, an kuma yi mata daɓe mai gangara don kada ruwan sama ya kwanta ya bi jikin bututun ya gangara ciki.

Ruwan da ya fito garau ba lallai ne ya zama mai tsabta ba, don haka a kai shi gwaji kafin a ce wa mutane su sha. Ma'aunin ingancin ruwan sha na Najeriya, wanda aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015, bai yarda a sami ƙwayar cutar E. coli ko guda ɗaya a cikin mililita 100 ba, kuma ya iyakance sinadarin nitrate a miligiram 50 cikin kowace lita, waɗannan biyun kuwa su ne ke tona asirin ruwan da masai ya taɓa. Mu a Kaduna mun yi dace da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan Mando, inda ake horar da ma'aikatan ruwa, kuma wuri ne da ya dace a fara neman bayani a kan gwaji. A karɓi kwalba mai tsabta daga ɗakin gwajin, a kai musu ruwan a ranar da aka ɗiba, zai fi kyau kuma a yi gwajin a tsakiyar damina, lokacin da ruwan ƙasa ya taso ya kusanci ramuka. In sakamako ya nuna matsala, mai gida ya faɗa wa 'yan haya gaskiya cewa ruwan na wanka da wanki ne, na sha kuwa sai an tafasa ko an sa masa maganin kulorin bisa umarnin da ke jikin kwalbarsa.

Girman tanki ba a ƙiyasta shi da ido. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar tsakanin lita 50 zuwa 100 a rana don sha, girki, wanka da wanki, gidan da ke da masai na zamani kuma ya fi kusa da adadin sama. Gida mai mutum 20 ke nan yana iya shan lita 2,000 a yini, kuma tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, hankali ya fi kwanciya idan ajiyar za ta kai kwana biyu. Amma a tuna cewa kowace lita 1,000 nauyinta tan guda ne. Wanda zai je Fanteka a ƙera masa ƙarfen ɗora tanki ya gaya wa maƙerin yawan litar da zai ɗauka, a yi wa ƙafafun tushe na kankare, a shimfiɗa abu mai faɗi a ƙarƙashin tankin don kada gindinsa ya lotsa tsakanin ƙarafa, a yi tsani mai ƙwari, a kuma riƙa duba tsatsa a wuraren walda duk shekara, domin a gidan haya ƙarƙashin tanki wurin wasan yara ne. Idan aikin ya kai ga sabon gini ko sauya fasalin gida, kamar ƙara banɗakuna ko ɗora tanki a kan bene, to a nemi izinin hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA, tun kafin a fara.

Asarar da ta fi ba ni takaici ita ce ta tankin da ke ambaliya. Wani ya kunna sumo ya tafi kasuwa, ruwa yana kwarara daga sama kamar damina har sai wani yaron maƙwabta ya buga ƙofa. Maganin wannan ɗan ƙaramin makunni ne mai yawo a saman ruwa, wanda ke kashe injin da kansa idan tanki ya cika, tankin da ke karɓa daga layin gwamnati kuma a sa masa bawul mai ƙwallo, wanda ke tsayar da ruwa da kansa idan ya cika. Murfin tanki ya kasance a rufe ruf saboda ƙura, ƙadangaru da sauro, a kuma wanke cikinsa sau biyu a shekara, bayan hunturu da bayan damina. Baƙin tanki ya fi fari hana gansakuka, saboda hasken rana ba ya ratsa shi.

Game da bututai kuwa, tsofaffin gidajen da aka yi wa aiki da na ƙarfe sukan fara ba da jan ruwa da safe, ƙarfin ruwan kuma ya ragu saboda tsatsa ta cike cikin bututun, irin wannan faci ba ya yi masa magani sai sauyawa. Na roba irin PVC yana da araha, amma idan aka bar shi a rana yana bushewa ya riƙa karyewa kamar kara, don haka duk wanda ke waje a binne shi ko a shafe shi da fenti. Na PPR, wanda ake narka bakinsa da injin zafi a haɗa, shi na fi so a cikin bango, domin yana jure ruwan zafi kuma mahaɗarsa ba ta dogara da gam ba. Duk wanda aka zaɓa, kada a yarda a yi filasta ko a manna tayil sai an cika layin da ruwa an bar shi ya kwana an ga babu jiƙa, kuma a ɗauki hoton bangon da waya kafin a rufe, saboda ranar da ɗan haya zai buga ƙusa ko mai gyara zai fasa.

Sai famfo da shawa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 20 a yini, kusan jarka guda, kuma mafi yawan lokuta 'yar robar ciki ce ta cinye. A buɗe kowane famfo a rufe, a shafa ƙarƙashinsa da busasshen tsumma, a duba bayan kwanon wanke-wanke inda ido ba ya kaiwa. Domin sanin ƙarfin zubar ruwa, a ɗauki bokitin fenti mai cin lita 20 a tara, a duba agogon waya. A jihar New South Wales ta Ostareliya, doka ba ta ba mai gida damar karɓar kuɗin ruwan da ɗan haya ya sha ba sai gidan yana da mitarsa daban, babu famfon da ke yoyo, shawa da famfunan kicin da na kwanon wanke hannu kuma ba sa zubar da fiye da lita 9 a minti ɗaya, daga watan Maris na 2025 kuma aka ƙara da cewa masai ya zama mai maɓalli biyu. Wannan dokarsu ce, ba ta hau kanmu ba, amma hikimar da ke cikinta ta dace da adalcin da muka sani, wato kada ka caji mutum kuɗin ruwan da lalacewar kayanka ta zubar. A ma'aunin nan nasu, bokitin fenti zai cika ne cikin minti biyu da 'yan daƙiƙu, wanda ya cika cikin minti ɗaya kuwa yana zubar da ninki biyu na abin da ake buƙata, sai a rage bawul ɗinsa ko a sa masa ɗan rariyar da ke gauraya ruwa da iska a bakin famfo.

Sai dai akwai abin lura a nan. Ruwan da ke gangarowa daga tankin sama ba shi da matsi irin na ƙasashen da aka ƙera wa waɗannan kayan, domin ƙarfinsa ya dogara ne kacokan da tsayin tankin a kan shawar, kuma a gidajenmu na ƙasa tazarar ba ta cika wuce mita biyu ko uku ba. Kan shawa mai tsimin ruwa da aka yi don matsi mai ƙarfi yana iya komawa ɗiga kawai a irin wannan gida, ɗan haya ya gaji ya kwance shi ya bar bututu tsirara, a yi asarar da ta fi ta farko. Saboda haka a auna kafin a saya. A wurin alwala kuma, famfo ƙarami da ke ƙasa-ƙasa wanda za a cika buta da shi ya fi wanda za a sake yana zuba har a gama, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita guda ba.

Masai na zamani shi ne babban mai shan ruwa a cikin gida, kuma shi ne ya fi iya ɓoye yoyonsa. Tsofaffin tankuna suna sakin lita 9 zuwa sama a kowane ja, sababbi masu maɓalli biyu kuwa lita 6 ne babba, ƙaramin kuma 3, don haka duk wanda zai sauya ya sayi irin wannan, ya kuma tabbatar ana samun kayan gyaransa a kasuwa. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ɗiga bular wanki a cikin tankin har ruwan ya yi shuɗi, a bar shi kamar minti goma sha biyar ba tare da an ja ba, idan shuɗin ya bayyana a cikin kwanon to robar ƙasa ta mutu, kuma irin wannan yoyon yana iya cin ɗaruruwan lita a rana. A ɗaga murfin a ga inda ruwan ke tsayawa, in yana kaiwa bakin bututun ambaliya sai a sassauto da ƙwallon. Wanda bai da halin sauya tsohon tanki yana iya cika gorar roba mai lita ɗaya da ruwa, ya rufe ta, ya tsayar cikin tankin a gefen da ba za ta taɓa kayan ciki ba, don ruwan da ke tafiya a kowane ja ya ragu. In akwai hitar ruwa a banɗaki, a sa mai aikin lantarki ya tabbatar an haɗa mata wayar ƙasa, mai famfo kuma ya duba bawul ɗin da ke sakin matsi idan zafi ya yi yawa, domin sakaci a nan rai yake ci.

Yadda ruwa ke fita ya kai yadda yake shigowa muhimmanci, ko da yake masu gida sun fi ƙyashin kashe kuɗi a kansa tunda a ƙarƙashin ƙasa yake. Bututun masai inci huɗu ne, na wanka da na kicin kuma inci biyu, a shimfiɗa su da gangara madaidaiciya, kamar saukar taƙi ɗaya a kowane taƙi arba'in, domin in ya kwanta sosai ƙazanta za ta tsaya, in ya yi tsaye da yawa kuma ruwa zai gudu ya bar ta. A yi cemba mai murfi, wato ɗan ramin da ake buɗewa a duba layi, a duk inda layi ya karya kwana, kada a binne ta da daɓe. Kowace magudana ta cikin ɗaki ta kasance da lanƙwasar nan mai riƙe ɗan ruwa wadda ke hana wari da kyankyasai dawowa, a kuma fitar da bututun shan iska sama da rufin gida a ɗaure bakinsa da raga. Ramin farko, inda ƙazanta ke kwanciya, ya zama an shafe shi da siminti ba ya tsiyaya, ruwan da ya tace ne kawai zai wuce sokawe ya nitse. A kira motar kwasa tun kafin ya cika ya dawo cikin banɗaki, kuma ina roƙon kowane mai gida da kada ya taɓa barin wani ya shiga ramin da sunan gyara, domin iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, wanda ya shiga ceto ma yakan bi shi. Murfin da ya tsage a sauya shi a ranar da aka gani. Ruwan wanka da na wanki kuma kada a sake shi kan hanya, a yi masa nasa ƙaramin ramin mai duwatsu, tun kafin maƙwabta su kai ƙara wurin mai unguwa ko dubagari ya zo.

Wanda ke da hali ya sa wa rufinsa indararo mai tara ruwa zuwa tanki na daban. Kaduna tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kuma kowace milimita a kan murabba'in mita ɗaya lita guda ce, ke nan rufi mai murabba'in mita 100 yana karɓar fiye da lita 100,000 tsakanin Afrilu da Oktoba. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano ya zube, na bayansa ya isa wanki, shara da zuba wa masai, sumo kuma ya huta.

Bayan an gama duk wannan sai a zauna a rubuta, a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Abin da na ga ya fi zaunar da gida lafiya shi ne mai gida ya ɗauki nauyin duk abin da ke cikin bango da ƙarƙashin ƙasa, da tanki, da sumo, da rijiya, da ginin sokawe, da duk abin da tsufa ya lalata. Ɗan haya kuma ya ɗauki ƙananan abubuwan da hannunsa ke taɓawa kullum, kamar kan famfon da ya karya, da toshewar da ta samo asali daga jefa leda, audugar mata, famfas ko tsumma a masai, ko zuba mai da yashin wanke tukunya a magudanar kicin. A rubuta cewa ɗan haya zai sanar da duk wani yoyo cikin kwana ɗaya ko biyu, mai gida kuma zai turo mai gyara cikin kwanakin da aka ambata, in bai turo ba ɗan haya ya gyara da saninsa, ya ajiye rasit a cire daga kuɗin haya. Kuɗin kwasar masai a faɗi tun farko ko na mai gida ne ko karo-karo za a yi. Rabon kuɗin ruwa, ko na mai da wutar da sumo ke sha, ya fi adalci a yi shi bisa yawan mutane maimakon yawan ɗakuna, domin gwauron da ke fita tun safe ba daidai yake da mai iyali goma ba, mai sana'ar da ke cin ruwa kamar wankau ko yin ƙanƙara kuma a yi masa nasa lissafin daban. Inda kowane sashe ke da layinsa, ƙaramar mita a bakin kowanne tana kashe gardamar gaba ɗaya.

A ranar tarewa, mai gida ko wakilinsa ya zaga da ɗan haya ɗaki bayan ɗaki, su buɗe kowane famfo tare, su ja kowane masai, su ɗauki hotuna, ya nuna masa inda bawul ɗin sashensa yake da yadda ake rufe shi idan bututu ya fashe cikin dare, ya kuma ba shi lambar mai gyaran da gidan ya amince da shi. A ranar tashi a maimaita wannan zagayen da takardar farko a hannu, a rubuta lambar mita, a rufe bawul ɗin sashen gaba ɗaya muddin babu kowa a ciki. Idan sashen zai daɗe a rufe, a riƙa shiga duk bayan mako biyu ana zuba ruwa kofi biyu ko uku a kowace magudana da cikin kwanon masai, musamman da hunturu, domin ruwan da ke cikin lanƙwasar yana ƙafewa, warin rami kuma ya biyo bututu ya cika ɗakin kafin mai neman haya na gaba ya zo dubawa.